Amsa ga Alhaji kan mayar da MP3 zuwa FLAC

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka a kan ko ya dace ka mayar da waƙoƙin da ke kwamfutarka daga MP3 zuwa FLAC tunda ka sayi sabuwar amfilifaya da manyan lasifikoki. Yadda na fahimta, ka kunna waƙoƙin a sababbin kayan, ka ji sautin bai kai kuɗin da ka kashe ba, shi ya sa kake laluben inda matsalar take. To, kada ka wahalar da kanka da wannan aiki, domin babu abin da zai ƙara maka sai cika ma'ajiyar kwamfuta.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa a kan bit 16 (yawan lambobin da ake rubuta kowane awo da su), wanda ya kama kilobit 1,411 na bayanai a daƙiƙa idan an haɗa lasifikar dama da ta hagu. Shi kuwa MP3, da injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, yana rage nauyin ne ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, kuma iyakarsa kilobit 320, da yawa daga cikin wanda ke hannun mutane ma 128 ne ko ƙasa da haka. FLAC, da ya fito a 2001, yana matse fayil zuwa kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba, amma abin da ka ba shi kawai yake adanawa. Garin da aka riga aka tankaɗe aka zubar da dusarsa, ko a babban buhu ka juye shi, dusar ba za ta dawo ba.

Abin da ke ƙona mini rai a wannan harka shi ne aikin wasu masu tura waƙa a kasuwa. Akwai wani kaset na mahaifina, kiɗan goge da kalangu ne da aka ɗauka a wurin biki, na kai wa wani yaro ya juya mini shi zuwa kwamfuta. Ya ɗaga ƙarfin ɗaukar har sautin ya dinga fashewa duk lokacin da makaɗi ya buga kalangu da ƙarfi, sannan ya ajiye shi a kilobit 64 don ya shiga ƙaramin memori. Zaƙin gogen nan na sama ya tafi, sai wani shuu da ke bin muryar mawaƙin. Bayan haka zaren kaset ɗin ya tsinke ya cukurkuɗe, yanzu wannan lalataccen kwafin shi kaɗai ya rage a gidanmu. Da ya ajiye shi a WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba) ko FLAC tun farko, da yau ina iya fitar da kowane irin kwafi daga cikinsa. Irin waɗannan masu tura waƙar ne kuma suke sauke waƙa daga YouTube, wadda an riga an matse ta, su sake matse ta zuwa MP3, su rubuta 320 a kanta, mai saye ya ɗauka ya samu na gaske.

Bari in fayyace wani abu kada a fahimce ni a baibai. Kwafar fayil daga memori zuwa memori ba ta rage masa komai, ko sau nawa aka yi. Sake matse shi ne yake cin sauti. Idan kana son ka gane abin da ke hannunka, ka buɗe fayil ɗin da manhajar Spek, wadda ke nuna zanen sautin da ke cikinsa. In ka ga zanen ya yanke a wajen kilohaz 16 (kilohaz shi ne ma'aunin yadda sauti ke tashi sama ya yi siriri), to akasari asalinsa 128 ne, komai aka rubuta a kansa.

Batun bit 24 da kilohaz 96 (auna sauti sau 96,000 a daƙiƙa), wato ma'aunin da ya fi na CD, da wani ɗan'uwa ya kawo a wannan zaure, ba zan daɗe a kansa ba. Kunnen matashi ma iyakarsa wajen kilohaz 20, ma'aunin CD kuma yana kaiwa 22, sannan bit 16 yana ba da tazarar desibel 96 (ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfinsa, wadda falon da fanka ke juyawa a cikinsa ba zai bari ka ji ta duka ba. Amfanin bit 24 yana wurin ɗauka da gyara.

Sannan, Alhaji, ka ce ta Bluetooth kake haɗa waya da amfilifayar. Hanyar SBC da yawancin na'urori suke amfani da ita wajen tura sauti ta Bluetooth tana sake matse sautin zuwa kimanin kilobit 328 ko ƙasa, ko da FLAC ne. Ka haɗa su da kebul tukuna ka sake saurara. Faya-fayan CD ɗinka kuma ka kwashe su zuwa FLAC da manhajar Exact Audio Copy, daga nan ka fitar da MP3 mai 256 ko 320 don mota. Waɗanda ba ka da asalinsu ka bar su a MP3 yadda suke. In akwai sauran kaset a gida, kada ka ba kowa sai ka kira ni mun juya su tare.