Gidajen zamanin Joji: bene za a ce ko soro?

Wani ɗalibi da ke karatu a birnin Bath na Ingila ya turo tambaya: "Malam, gidajen nan da ake ce wa Jojiyan, daga ƙasar Jojiya aka kwaso salon? Kuma in zan ba mutanen gida labari, bene zan ce ko soro?"

To ɗana, babu ruwan ƙasar Jojiya a nan. Sarakunan Birtaniya ne guda huɗu suka yi mulki a jere kowanne sunansa Joji, daga 1714 zuwa 1830, shi ne aka laƙaba wa ginin lokacin sunansu, don haka ka ce ginin zamanin Joji kawai, yadda muke cewa zamanin sarki wane.

Batun soro kuwa kar ka faɗa. Soro ginin ƙasa ne mai rufin azara da laka, Kanawa ma har zaure sukan ce wa soro, to ina haɗinsa da gidan dutse mai hawa uku ko huɗu? Bene za ka ce. Kuma tunda kana Bath ɗin, dan Allah ka taka ka je Royal Crescent ka tsaya a filin ciyawar da ke gabansa, gidaje 30 ne manne da juna sun lanƙwasa kamar jinjirin wata, John Wood ƙarami ya tsara su aka gina daga 1767 zuwa 1774, ginshiƙai 114 a jere, tagogin duk sun yi sahu, na hawa na biyu inda falon baƙi yake a da sun fi tsawo, na can sama inda barori ke kwana a wancan zamanin ƙanana, kicin kuma a lokacin yana ƙasa sai an sauka matattakala daga bakin titi. Ni wallahi wannan daidaito yana burge ni sosai.

Sai wata baiwar Allah da ta ga hotunan gidajen nan ta ce: "Malam, karin maganar nan, labarin zuciya a tambayi fuska, za a iya yi wa gida?"

'Yar'uwa, Bahaushe yana cewa fuskar gida, wannan daidai ne, amma karin maganar ta mutum ce, domin fuskar mutum tana canzawa da abin da ke ransa, in yana cikin damuwa ko ya ce lafiya lau za ki gani. Gini ba ya haka. Royal Crescent ɗin ma shaida ne, fuskar kawai Wood ya zana, kowa ya sayi rabonsa ya ɗauko nasa maginin ya yi ciki da baya yadda yake so, shi ya sa in aka zagaya ta baya rufin wannan ya ɗara na wancan, taga nan taga can, babu wanda ya bi wani. In kina son karin maganar da ta dace da gida, to mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita ce ke nuna na waje bai san cikin gidan wani ba.

Ta kuma tambaya kan tagogin da ta ga an toshe da bulo, me za a kira su. Toshasshiyar taga ya wadatar. Daga 1696 har 1851 ana karɓar harajin taga a Ingila, yawan tagoginka yawan kuɗin da za ka biya, sai mutane suka riƙa toshewa, talakawa masu haya a birane su suka fi shan wahala don an rage musu iska da haske. Amma fa ba duka ne saboda haraji ba, wasu tun farko magini ne ya yi siffar taga a bango ba tare da ya huda ba, don kar sahun ya karye.