Rufin maganiziyam da wutar lantarki: in zuba jari ko in dakata?

Wani ɗan'uwa mai wurin rufe alminiyam da lantarki, wato a tsoma ƙarfen cikin tankin ruwan sinadari a sa masa wuta ya yi wata fata mai kare shi, ya tambaye ni ko ya ci bashi ya ƙara da rufin ƙarfen maganiziyam, tunda a ganinsa tankin da na'urar duk ɗaya ne.

Alhaji, gaskiya ba ɗaya ba ne, kuma nan ne kuɗinka zai iya salwanta. Ruwan asid ɗin da kake tsoma alminiyam ciki cinye maganiziyam zai yi. Shi nashi ruwan na alkali ne, galibi da silikat ko fosfet, sannan hanyar da ake yayi yanzu, wadda ake kira PEO, wato rufi da tartsatsin wuta, tana cin wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 600, har ka ga tartsatsi na tashi a jikin ƙarfen cikin ruwa, shi ne yake toya fatar ta yi tauri. Ka ga kenan sabuwar na'urar wuta za ka saya, ga injin sanyaya ruwan don zafi yake yi sosai, ga kuɗin wuta kowane wata, kuma wannan na ƙarshen shi ne yake cinye riba ba ma kuɗin injin ba.

Kasuwa kam akwai. Maganiziyam ya fi alminiyam rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa masu ƙera jikin kwamfuta da kyamara da kayan mota suke sonsa, matsalarsa dai saurin lalacewa in ya haɗu da danshi da gishiri. Amma su waɗannan kamfanoni ba sa sayen magana, sai sun gwada samfurinka da feshin ruwan gishiri, kuma fatar tana da ƙananan ramuka, dole a toshe ko a bi da fenti, ka sa wannan ma a lissafi.

Kar wani ya sayar ma da tsohuwar hanyar rufi mai amfani da sinadarin kiromet don tana da araha, Tarayyar Turai ta takura amfani da shi tun 2017. Ka kuma tuna yawancin maganiziyam na duniya daga Sin yake fitowa, da aka rage musu wuta a 2021 farashi ya ninka.

Shawarata, kar ka ci bashin nan yanzu. Nemo kwastoma ko da ɗaya ne wanda zai rubuta ma adadin da yake so duk wata, ka kai samfurin wurin masu injin su yi ma ka biya, in ya ci gwaji sai a zauna a yi maganar sayen naka.