Ƙararrawa na kama ni ban gama darasi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun NCE, wato takardar shaidar malanta, an tura ni koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. Ajin cike yake maƙil, yara na surutu da Yarbanci, ni kuma ba na ji. Kullum sai a buga ƙararrawa ban kai ga tambayoyin ƙarshe ba, ga malamin da zai duba ni na iya zuwa kowace rana. Yaya zan yi?
Ɗaliba, daga Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara duba takardar shirin darasinki. Sabon malami yakan jera manufofi huɗu ko biyar, alhali minti 40 ba ya ɗaukar fiye da biyu. Ki ba bitar darasin baya minti 5, bayani minti 20 cikin matakai uku, aikin yara a littafi minti 10, sauran 5 na tambayoyi. Rubuta mintunan a gefen takardar, ki ajiye agogo a kan tebur.

Inda lokaci ya fi zubewa shi ne allo. Da zarar kin juya baya kina dogon rubutu, 'yan bencin baya sun ɓalle da hira, kafin ki dawo da hankalinsu minti biyar sun wuce. Ki yi zanenki da muhimman kalmomi a kan kwali tun da dare, da manyan baƙaƙe yadda na ƙarshen aji zai gani, da safe sai mannawa kawai.

Kada ki yi gasar murya da su, maƙogwaronki ne zai dushe kafin Laraba. Ki yi shiru, ki taka zuwa gefen mai surutun, ki kira sunansa. Shi ya sa muke so ki zana yadda suke zama, da sunan kowa, tun makon farko. Bulala kuwa ki manta da ita, gwamnatin Legas ta hana bugun yara a makarantunta. Kalmomi biyu na Yarbanci za su taimaka miki: "ẹ dákẹ́", wato ku yi shiru, da "ẹ jókòó", ku zauna.

Mai dubawa yakan fara da neman shirin darasi, don haka malamin ajin ya sa miki hannu kafin ranar koyarwa. Ki kuma roƙe shi ya zauna a baya sau ɗaya a mako, ya rubuta miki daidai mintin da kika gama kowane mataki.