Tambaya da Amsa: Daimon ɗin banza da lambobi shida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Pantami nake a nan Gombe. Yarona ɗan shekara 13 yana buga Free Fire a wayata in ya dawo islamiyya. Ranar Laraba sai ga kiran ƙanwata daga Kumo, wai Yaya lafiya kike neman rancen dubu talatin a WhatsApp? Ni kuwa ban rubuta wa kowa komai ba, ina dubawa na tarar an fitar da ni daga WhatsApp ɗin gaba ɗaya. Babansa ya ce gem ɗin ne ya jawo, ya goge shi, yaron kuma ya sha faɗa. Don Allah gem yana satar WhatsApp?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Gaskiya ni dai ban ga laifin gem ɗin ba a nan. Free Fire na kamfanin Garena ne da ke Singafo, tun 2017 yake, kuma in daga Play Store aka sauke shi ba shi da hannun da zai miƙa ya ɗauke miki WhatsApp. Abin da na fi zato shi ne yaron ya haɗu da wani a cikin gem ɗin, don ai ana hira a ciki har da murya, ko kuma a wani guruf na 'yan gem, aka ce masa zo in tura maka daimon kyauta. Daimon ɗin nan shi ne kuɗin cikin gem, da shi ake sayen kaya da adon bindiga, kuma da naira ake sayensa, to yaron da abokansa ke masa dariya don ɗan wasansa na yawo da rigar farko kin san ba sai an roƙe shi sau biyu ba. Sai a ce ya ba da lambar waya. Ɓarawon ya sa lambarki a WhatsApp ɗin wayarsa, su kuma WhatsApp su turo lambobi shida ta tes zuwa layinki, wayar kuma tana hannun wa? Sai ya ce wa yaron yauwa karanto min lambobin da suka shigo yanzu, na daimon ɗinka ne. Shi ke nan an gama, ko minti biyu ba a yi.

Yanzu ki buɗe WhatsApp ki sake sa lambarki, za su turo sabbin lambobi shida, kina sa su an kori wancan. In ya riga ya ɗaura nasa fin ɗin, wato lambobin sirri na kulle WhatsApp ɗin, to sai kin jira kwana 7, haka tsarinsu yake, amma shi ma a waje yake zaune a kwanakin. Kafin nan ki sa ƙanwarki ta sanar a guruf ɗin gida da na 'yan adashi kar kowa ya tura ko sisi. In kin koma ciki ki shiga saitin, wajen akawun, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lambobi shida da ke kaɗai kika sani, ba shekarar haihuwar yaron ba don Allah.

Shi kuma yaron a tambaye shi da lallami. In aka fara da bulala rantsuwa zai yi ta yi, gobe kuma ya ari wayar abokinsa ya ci gaba inda ba mai ganinsa. Ni nawa ƙanen tsohuwar waya na ba shi, babu sim a ciki, ina kunna masa hotspot in na dawo, na kuma sa Family Link na Google, manhajar da iyaye ke sa wa wayar yaro iyaka da ita, ƙarfe tara na yi wayar ta kulle kanta. Ya yi fushin kwana biyu ya haƙura.

TAMBAYA: Yaya ni ɗalibi ne a jami'ar jiha, ina Tudun Wada. Ina sauke gem ɗin da aka fasa, masu kuɗi ba iyaka, abokina ya ce haɗari ne. Ni kuma talaka ne, dubu biyu ce a akawun ɗina, me za a sata a wajena?

AMSA: Ƙanina wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga, kuma ni ma na taɓa faɗinta. Shekarun baya na sauke wani gem ɗin tseren mota da aka fasa, daga wani shafi da ko sunansa ban riƙe ba, yana buɗewa ya ce in ba shi izinin lambobin waya da tes da kamara, ni kuma don ɗoki na yi ta danna eh eh. Da daddare wayar a aljihu kamar an ciro dankali daga murhu, caji ɗari zuwa talatin kafin asuba, ga tallace-tallace suna faɗowa ko ina tsakiyar kira. Sai da na wanke wayar tas, hotunan bikin yayata duk suka tafi, har yau in ta tuna sai ta yi min gori.

Ka tambayi kanka, me mota za ta yi da lambar kawunka? Wanda ya zauna ya fasa gem ya sa a intanet kyauta ba don Allah ya yi ba, yana da inda yake fanshewa. Kuma dubu biyunka ba ita ake hari ba. A wayarka akwai lambar mahaifiyarka, ta limamin unguwarku, hotunan ƙannenka mata, wannan duk amanar mutane ce ba kayanka ba. Ka manta yadda masu manhajar ba da bashi suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa surukai da iyayen gida saƙon cewa wane ɓarawo ne? Sai da abin ya yi ƙamari har Google a 2023 suka hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. A shekarar ce kuma, watan Yuni, aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, akwai ma hukumarta, NDPC. Dokar tana da kyau, amma wanda ya fasa gem ɗinka ba ka san ma a wace ƙasa yake kwana ba balle ka kai ƙararsa.

Sannan tes ɗinka, ta nan lambar sirrin banki ke shigowa. Layinka kuma tun ƙarshen 2020 aka ce a ɗaure shi da NIN. Ko a zahiri in aka zare maka waya a Tashar Dukku, ɓarawon sim yake fara cirewa, ya sa a 'yar rakani-masallaci ya danna *565*0# sai ga BVN ɗinka lamba goma sha ɗaya. Don haka ka sa wa sim ɗin fin, amma ka nemo PUK ɗinka tukuna, wato lambar buɗe layi in ya toshe, yana jikin katin da sim ya zo a ciki, don in ka yi kuskure sau uku layin zai toshe. Gem ɗin fashe kuma ka goge. In babu kuɗin daimon a buga a haka, ni a gem ɗin ƙwallo na eFootball ban taɓa sa ko naira ba kuma ina cin mutane daidai gwargwado.

TAMBAYA: Malam maigidana in ya rufe shago sai gidan gem, ba ya shigowa sai ɗayan dare, wai suna gasar ƙwallo. Cuta ce?

AMSA: Tab, amarya kin kawo ƙara wajen mai laifi, don ni ma uwargida ta taɓa ɓoye min hannun gem a cikin buhun shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, amma ba yawan bugawa kawai suke nufi ba, sai mutum ya kasa riƙe kansa, gem ya danne masa sana'a da iyali, ya ga ɓarnar kuma ya ci gaba, har abin ya kai kamar shekara guda. In yana buɗe shago da wuri, cefane bai yanke ba, asuba ba ta wuce shi, to majalisa ce kawai ta koma gaban talabijin. Ɗayan dare dai ya yi yawa, wannan kam ki gaya masa ni na faɗa. Ku yi yarjejeniya, kwana biyu a sati nasa ne sauran na gida, ki kuma zaɓi ranar da ya ci wasa ki kawo maganar, kar ki kuskura ranar da aka zura masa biyar.