Amsa ga mai son karatun gwada yaƙin jirgin ruwa da ganuwar bakin teku

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Turai digiri na biyu a fannin binciken kayan tarihi ta hanyar gwaji, ka gano yadda jiragen yaƙi na da suke farma ganuwar bakin teku, kuma kana tambaya ko ɗalibi yana samun harba igwa da hannunsa.

Igwar nan dai cire ta daga ranka tukuna. Ana harbawa, amma aikin manya ne. Gidan tarihin jirgin Vasa, wanda ya nutse a Istokholm a 1628, ya sa aka zuba sabuwar igwar tagulla irin ta jirgin, mai cin harsashin ƙarfe mai nauyin kusan kilo 11. A filin gwajin makamai na Bofors aka harba ta a 2014, kan bangon katako da aka ƙera daidai da haƙarƙarin jirgin, na'urori suna auna gudun harsashi da yadda katako ke tarwatsewa. Kuɗin zubi, lasisin albarushi, hayar fili, duk sun fi ƙarfin kundin shekara ɗaya. Kuma lura, jikin jirgi suka harba. Gina ganuwar dutse mai kauri don kawai a rushe ta, ba kasafai ake samun mai biya ba.

Abin da ya sa fannin ke da daɗi shi ne rahotannin kwamandoji ba su isa hujja ba, kowa gyara labarinsa yake. A 1776 jiragen Ingila sun wuni suna luguden wuta kan sansanin tsibirin Sullivan a Amurka, wanda aka gina da yashi da kututturan wata bishiya dangin giginya. Harsasan suka riƙa nutsewa ciki kamar an jefa dutse a taɓo, jiragen suka janye da ɓarna. A 1854, bayan an ci Bomarsund, sansanin Rasha a tekun Baltik, sojojin Ingila da kansu suka yi gwaji da jirgin Edinburgh: daga kusan yadi 1,000 bangon dutsen bai ji komai ba, sai da suka matso kusan yadi 500 ya fara zubewa. To, nisa ne, ko irin dutsen, ko tangaɗin jirgi a kan ruwa? Irin tambayar da malami zai karɓa ke nan.

Kwas mai wannan suna takamaimai kada ka ɓata lokacin nemansa. Duba Jami'ar Exeter da University College Dublin don fannin gwaji, Southampton kuma don kayan tarihin teku. Za su so ganin ka iya awo da lissafi, ka san halin dutse, farar ƙasa da ƙarfe.

Da ni ne kai, ganuwar Fort Jesus ta Mombasa a Kenya zan ɗauka. Turawan Fotugal suka fara gina ta a 1593 da dutsen murjani, Larabawan Oman suka yi mata ƙawanya daga 1696 zuwa 1698, ga kuma jirgin Santo António de Tanná da ya nutse a gabanta a 1697, an riga an haƙo kayansa. Dutsen murjani yana da ramuka. Ka samo ƙananan tubala, ka buge su a ɗakin gwaji da ƙarfin da aka auna, ka kwatanta da dutse mai tauri. Rubuta wannan a shafi biyu ka turo mini kafin ka tuntuɓi kowane malami.