Yaya, ga amsarka a kan yaron nan

Na ga saƙonka. Ka ce tun da yaron nan nawa ya sauka gidanka a Tudun Wada bai taɓa fashin jam'i ba, amma ranar da ake hirar siyasa a ƙofar gida sai ya buɗe baki ya ce gwamnati ba ta da addini, kuma duk mai mulkin da ya fara ɗaga Alƙur'ani a gaban taro, talaka ya dafe aljihunsa. Dattawa suka yi tsit, har wani ya tambaye ka ko ɗan boko aƙida ka ajiye. Sai ka ƙara da tambayar da ta fi sosa mini rai: wai mu Hausawan Sudan, bayan Hausarmu da ta cakuɗe da Larabci, addinin ma ya fara zubewa ne?

Haba Yaya. Me ya kawo mu nan in ba addini ba? Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Maiurno a bakin Nilu, kudu da Sinnar. Kakanmu kuwa, ƙanen kakanka, daga baya ya baro Zariya da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Auduga ta riƙe shi, aure ya ƙara riƙe shi. Kakarmu har ta rasu ba ta daina cewa "in mun koma Zazzau" ba, alhali tana goye a baya aka fito da ita.

Abin da yaron ya faɗa ba a littafin Turawa ya tsinto shi ba, a titi ya tashi ya tarar. A Satumbar 1983 shugaban Sudan Numeiri ya ƙaddamar da dokokin da ya kira shari'a, aka yi ta yanke hannaye, akasari na talakawa. A Janairun 1985 aka rataye malamin nan Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar da sunan ridda, yana da shekara 76. Ni ban bi ra'ayinsa ba, amma na tuna mahaifinmu, almajiri ne na gaske, ranar ko tuwon dare bai iya ci ba. Sai Bashir ya zo a 1989 da Turabi, jagoran masu siyasar Musulunci, a bayansa, shekara talatin cur. 'Yan sanda na kama mace don ta sa wando, ana fatattakar masu sayar da shayi a bakin titi, su kuwa waɗanda muke kira kezan, wato 'yan siyasar addinin da ke riƙe da gwamnati, benayensu sai tashi suke. Kudu ta ɓalle a 2011. Da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara a Disambar 2018, yara suka fito, daga baya har suna kirarin "madaniyya", wato mulkin farar hula, suna kiran masu mulki 'yan kasuwar addini. Da yawa daga cikinsu daga masallacin Juma'a suke fitowa su shiga zanga-zangar. Ɗanka yana cikinsu, ban hana shi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai waɗanda suka wuce nan. Da aka soke hukuncin ridda a 2020 wasu samari sun samu baki. Ɗan wani abokina ya zauna a ɗakina yana ce mini addini kansa shi ne matsalar, shi ke raba mutane, kuma mutum zai iya zama na kirki ya san darajar rayuwarsa ba tare da tsoron wuta ba. Na ce masa to yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kore mu daga Madani, wane addini ya raba janar-janar biyun da ke yaƙar juna, Burhan da Hemeti? Ya ce ai kuwa sallar ba ta hana su ba. Muka yi ta yi har shayi ya huce. Bai karɓi tawa ba, ban karɓi tasa ba, amma har yau yana zuwa gaishe ni.

Akwai kuma abin da ku a gida ba za ku ji a jikinku ba. A Zariya ba wanda zai dube ka ya ce kai ba ɗan ƙasa ba ne. Mu nan Fallata ake ce mana, sunan da ake kiran duk wanda kakanninsa suka taho daga Afirka ta Yamma. Mutum zai bi limami Bahaushe salla, ya aiko ɗansa karatun allo wurin malaminmu, ya cika cikinsa da agashenmu, wato gasasshen namanmu irin tsire, da yamma, amma ka je neman 'yarsa ka ga yadda 'yan'uwantakar Musulunci ke ƙarewa a bakin ƙofa. Ƙanwarmu da ta auri Balarabe, surukarta ta shekara biyar ba ta kira sunanta ba. A 2022 an kashe Hausawa da yawa a jihar Nilu ta kudu maso gabas a kan ƙasa da sarauta, kuma akasari Musulmi ne da Musulmi. To in yaro ya ce ya fi son doka ta ɗauke shi daidai da kowa, ko mai salla ne ko ba mai salla ba, a kan a riƙa kiran sa ɗan'uwa a kan mumbari kaɗai, da wane baki zan ce ya yi ƙarya?

Batun Hausanci kuwa, ka dai ji yadda yake durƙusawa in zai gaishe ka. Hausarsa na da "ya'ani" da "kwayyis", taku ma ai Turanci ya cika ta, ba mu ce komai ba.

Ka ja masa kunne a kan ɗaga murya gaban manya, wannan na yarda, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Amma kar a hana shi zama majalisar. Inna na gaishe ka, ta ce in an samu mai tahowa a haɗo mata da daddawa da kuka, ta nan ba ta yi mata ƙamshi.