Muna da satifiket ɗin ISO amma kaya na ta dawowa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin kamfani muna yin robobin zuba sabulun ruwa, ma'aikata kusan arba'in. Shekara biyu ke nan da muka samu satifiket ɗin ISO 9001, wato shaidar bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsarin kula da inganci, amma har yau kwastomomi na dawo mana da kaya wai marfi na yoyo. Duk sanda hakan ya faru mu cike fom, a ja wa na kan injin kunne, a sake masa horo, bayan wata biyu abu ya dawo. Mai ba mu shawara ya ce mu biya a ƙara wani horon. Wallahi na fara tunanin ko in sallami yaran in ɗauko wasu, don babban kwastomanmu ya fara ja da baya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kar ka kori kowa tukuna. Ka ɗauko fom ɗin nan na gyaran kuskure na shekara biyun, ka duba gurbin da aka ce a rubuta asalin dalili. Na kusa rantsewa abu ɗaya za ka tarar daga na farko har na ƙarshe, "sakacin ma'aikaci", a ƙasansa kuma "an sake masa horo". Wannan layin shi ne ciwonku, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi.

Da zarar an rubuta sakacin ma'aikaci, bincike ya mutu. Ba wanda zai ƙara tambayar me ya sa mutum uku daban daban suka yi "sakaci" iri ɗaya a kan inji ɗaya. Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan kula da inganci a 1950, ƙiyasinsa shi ne kashi 94 cikin ɗari na matsaloli daga tsarin aiki suke fitowa, wato hurumin shugabanni, kuma cikin ƙa'idojinsa 14 ta takwas ita ce a kori tsoro daga wurin aiki. Ba don tausayi ya faɗa ba. Yaron da aka ja wa kunne sau biyu a gaban abokansa ya koyi darasi tabbas, amma darasin da ya koya shi ne ya tura robar da ta lalace ƙasan kwali ya yi shiru. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ga haka a asibitoci a shekarun 1990, rukunin ma'aikatan da suka fi kyawun shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kuskure, saboda ba sa tsoron faɗa.

Na taɓa shiga wani kamfani mai irin matsalarku. Da muka jera fom ɗin bisa lokaci sai muka ga kusan duk kayan da suka lalace na awar farko ne bayan an kunna inji. Akwai wani dattijo a aikin rana da yake taɓa jikin injin da bayan hannunsa, ya jira ya ɗau zafi sosai, ya zubar da na farko kafin ya fara tarawa. Shekaru yana haka, ba a rubuta ko'ina ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa, takardar aikin da ke manne a bango kuwa daga intanet mai ba su shawara ya kwafo ta. To ka ga dattijon ya koya, kamfanin bai koya ba, ranar da ya ajiye aiki ilimin zai bi shi ya fita ƙofa. Alaƙar kula da inganci da koyon kamfani ke nan, kuskure ya fito, a bi shi har tushe, a canza yadda ake aikin, a rubuta, sannan a dawo a duba ko gyaran ya ci.

Masu ba da shawarar nan da takarda kawai suke sayarwa kuwa suna ba ni haushi matuƙa. Su zo saura mako biyu odita, wato mai zuwa tantance kamfani, ya iso, a kwana ana cike fom da biro ɗaya da kwanan wata na baya, a ɗauki hoton horo, a karɓi satifiket a rataye a ofishin manaja. Hukumar ISO ma ba ta ba kowa satifiket, wasu kamfanoni ne masu tantancewa ke bayarwa, na shekara uku, kuma abin da yake shaida shi ne kuna da tsari, ba wai marfinku ba ya yoyo ba. Ita kanta ƙa'idar ISO 9001 ta 2015, sashe na 10.2 ya ce a duba ko gyaran da aka yi ya yi aiki, sashe na 7.1.6 kuma ya yi magana kan adana ilimin kamfani. Mai ba ku shawarar ya taɓa buɗe muku waɗannan? Horo maganin wanda bai iya ba ne. In ya iya amma injin ko kayan haɗin ko hanzarin da aka ɗora masa ne ke kayar da shi, ko sau goma ka horar da shi asarar kuɗi ce, kuma haƙƙin bawan Allah ne ka ɗauka kana zarginsa a kan abin da ba a hannunsa yake ba.

Gobe ka sauka da kanka wajen injin, ba manaja ba. Ka tara na rana da na dare, ka faɗa musu ba wanda za a taɓa albashinsa, sannan ku ɗauki marfi ɗaya da ya dawo ku yi ta tambayar "me ya sa" kamar yadda Taiichi Ohno ya koyar a Toyota, sau biyar ko fiye, har amsar ta sauka kan abin da kai kake da ikon canzawa. Ku canza abu ɗaya kawai, ku ƙirga marfi nawa ke yoyo kullum na tsawon wata guda, in ya ragu a sake rubuta takardar bangon da bakin masu aikin. Kuɗin sabon horon ka riƙe su har ka ga lissafin watan.